Fatsa, Mamari da Giwan Ruwa: Tarihin Sun Mutanenmu

A wannan fitowa za mu taɓa tarihin wata sana'a wadda ba da ita aka san ƙasarmu ba, amma ta ciyar da gidaje da yawa a cikinmu, ta kuma raba waɗansu da gida har abada. Watau su, da kayan da ake yinsa da su.

Baƙo in ya ji ana zancen kifi a Damagaram Takaya sai ya yi murmushi. Me ya haɗa ƙasar tudu da duwatsu da ƙaya da kifi? Gaskiya ne ba mu da gulbi mai gudu rani da damina. Amma muna da kwaruruka da tafkuna. Tafkin Gidimuni, wanda ke kan babbar hanyar Gure, yana riƙe ruwa har rani, domin ba ruwan sama kaɗai ke cika shi ba, akwai wanda ke tsattsafowa daga ƙarƙashin rairayi. Tafkin Lasuri kuwa damina ce ke yi masa arziki. Duniya ma ta san da zamansu, gama an sa Lasuri a 2005, Gidimuni kuma a 2019, cikin jerin wuraren ruwa da ƙasashe suka yi alkawarin tsarewa bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Kifin irin waɗannan tafkuna mai haƙuri ne: tarwaɗa wadda ke rayuwa cikin taɓo, da karfasa, da gaiwa wadda in ruwa ya ƙafe takan shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙinta, ta kwanta har wata damina. Da waɗannan yaron ƙasarmu ke koyon fatsa.

To, bari mu tsaya kan fatsar nan, don yaran yanzu sun ɗauka abu ne da ake saye a kanti. A da kowa shi ke haɗa tasa, kuma ba a samun biyu iri ɗaya. Sandar ita ce farko. Mai hali yakan nemi gora, ba goran ruwa ba, gorar nan mai gaɓa-gaɓa da fatake ke kawowa daga kudu. Wanda bai samu ba sai ya shiga daji ya zaɓi tsumagiya doguwa, mai kauri a gindi, mai sirancewa a hankali har kai. Ba a yin aiki da ita ɗanya. Sai an bar ta ta sha iska a inuwa, don rana takan tsattsage ta. Inda ta karkace a kanga ta a wuta kaɗan-kaɗan, a miƙe ta bisa gwiwa, a ɗaura mata dutse ta kwana rataye. Tsawonta kuwa gwargwadon mai ita ne da gwargwadon wurin da zai tsaya. Mai tsayawa bakin da ciyawa ta yi yawa yana son doguwa wadda za ta tsallake ciyawar, yaro kuma yana son wadda ba za ta gajiyar masa da hannu ba. Abin da ake dubawa shi ne lanƙwasa. Sanda mai tauri duka, in tarwaɗa ta fizga, zare ne zai tsinke ko bakin kifin ya yage. Mai laushi duka kuwa ba ta iya cusa ƙugiya, ba ta iya ɗago kifi. Ana son kai ya yi laushi, gindi ya yi ƙarfi. Ku riƙe wannan magana, za mu sake gamuwa da ita a bakin tekun Amurka.

Zare kuma murza shi ake yi a cinya, na rama ko na auduga, a riɓa shi biyu ko uku. Aibinsa ɗaya: yana shan ruwa, yana ruɓewa. Duk wanda ya dawo daga tafki bai shanya zarensa ba, to, gobe kifi zai tafi masa da ƙugiya. Guntun kara shi ne mai ba da labari a bisa ruwa, tana ko fara ko ɗan tuwo su ne abin yaudara. Ƙugiya kuwa aikin maƙera ce. Maƙerin da ke yin kibiya da kunnenta, shi ne ke yin ƙugiya, don aikin ɗaya ne: a buga ƙarfe ya yi siriri, a fid da tsini, a tsaga kunne da zai hana kifi zarewa, a lanƙwasa, a fyaɗa gindin don zare ya sami wurin kamawa. Wuyar aikin tana wajen tsoma ƙarfen a ruwa. In ya yi tauri ainun ya karye a bakin kifi, in bai yi ba ya miƙe. Saboda haka masunci yakan zauna a maƙera ya faɗi irin kifin da yake nema, maƙeri ya yi masa daidai da shi. Ƙugiya ɗaya tana da daraja, har mutum yakan tuɓe ya shiga ruwa ya kwance ta in ta maƙale a saiwa.

Wannan shi ne sun gida, na miya. Sun neman dukiya yana gabas.

Hanyar gabas ba baƙuwa ba ce gare mu. Masarautar Damagaram, wadda aka kafa wajen 1731 kuma ta ɗauki sunanta daga garinmu, ta tashi ne a ƙarƙashin Barno, tana kai gaisuwa can shekara da shekaru, har bayan da Sarki Sulaimanu ya mai da gadon sarauta Zindar a farkon ƙarni na 19. Ko Sarki Tanimun, mai ganuwa da igwa, wanda ya rasu a 1884, bai yanke igiyar nan ɗungum ba. Sai da Rabe ya ci Kukawa a 1893 ta tsinke. Hanyar da gaisuwa ke bi, ita gishirin Manga da kanwa da busasshen kifi ke biyowa zuwa yamma. Turawan farko da suka ga tafkin Cadi, su Denham da Clapperton, sun iso bakinsa ta arewa a watan Fabrairu 1823, kuma Denham ya ba da labarin yadda mata ke shiga ruwa su yi sahu, su koro kifi zuwa gaɓa, su kama da hannu saboda tsabar yawansa. A 1851 wani Bajamushe, Overweg, ya zaga tsibiran da jirgin da aka ɗauko gunduwa-gunduwa bisa raƙuma tun daga Tarabulus. Masu ruwan a lokacin Buduma ne, da jiragensu na ciyawa da ake kira kadai. Gwanintarsu ba ƙarama ba ce, domin a 1969 maginan jirgi daga bakin Cadi aka ɗauka zuwa Masar suka ɗaure wa Thor Heyerdahl, mutumin Norwe, jirgin ciyawar da ya shiga tekun Atilantika da shi.

A cikin wannan ruwa ne sarkin kifaye yake. Giwan ruwa fari ne kamar azurfa, da ido mai ƙyalli da baki wanda ke haɗiye karfasa ɗungurungum. Yana kai tsawon mita 2, nauyinsa yana kusantar kilo 200, ko da yake irin waɗannan ba kullum ake ganinsu ba. Manyan galibi mata ne, kuma uwa ɗaya tana zuba ƙwai miliyoyi. Ba ya cin laka, ba ya cin ciyawa, kifi ɗan'uwansa yake farauta. Kuma ba ya zama sai a ruwa mai faɗi, mai zurfi, wanda iska ke kaɗawa, domin numfashinsa yana bukatar ruwa mai rai. Wannan hali nasa shi ya kashe shi daga baya.

Me ya sa ba a taɓa jin wani namu ya tsaya a gaɓa ya kama babban giwan ruwa da sandar fatsa ba? Ba rashin ƙarfi ba ne, ba kuma rashin wayo ba. Dalilin yana jikin fatsar. Zaren fatsarmu a ɗaure yake a kan sanda, tsawonsa bai wuce na sandar ba sai kaɗan. Saboda haka ba ta jifa nesa, kuma in kifi ya ja, ba ta da sauran zaren da za ta sakar masa. Kifin da ya fi ɗan maraƙi nauyi in ya yi fizga ɗaya, dole abu ɗaya ya ba da kai: ko zare, ko sanda, ko mai sanda. Sai masunta suka bi ta wata hanya. Suka bar sanda, suka tsawaita igiya. Wannan shi ne mamari: igiya doguwa mai ɗauke da ƙugiyoyi da yawa, a shimfiɗa ta cikin ruwa da yamma, a duba da asuba. Akwai mai ƙananan ƙugiyoyi kusa da kusa, ba a sa masa komai, kifin da ya zo wucewa ne ke sarƙewa. Akwai kuma mai manyan ƙugiyoyi da ake soka wa ƙaramin kifi mai rai, shi ne na giwan ruwa. A nan gora mai iyo ita ke yin aikin da sanda ta kasa. Kifi ya ja ta ƙasa, ta dawo da shi sama, ya ja, ta dawo, har ya gaji, sa'an nan a zo da jirgi a gama da shi da zago ko kulki. Kabawa, masuntan ƙasar Kabi, sun fi kowa sanin wannan kifi, kuma da yawansu sun yi ƙaura zuwa Cadi. A bikin su na Argungu, wanda ya samo asalinsa na yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, da homa da gora kawai ake shiga ruwa, kuma wanda ya ci gasar 2005 ya fito da kifi mai kilo 75.

Yanzu ga abin mamaki. Giwan ruwa yana da ɗan'uwa a ƙetaren teku. A gaɓar Amurka mai zafi, daga jihar Fulorida har Barazil, akwai wani kifi da suke kira sunuk, fari mai baƙin layi ɗaya daga wuya har wutsiya, da leɓen ƙasa mai tsini. Kamarsu ta kai har masana sun daɗe suna lissafa su gida ɗaya, sai wajen ƙarshen ƙarni na 20 aka raba su. Sunuk bai kai namu girma ba. Wanda aka daɗe ana ambato a littafin gasa, wanda aka kama a Kosta Rika a 1978, kilo 24 ne da 'yan kai. Amma halin ɗaya ne, mafarauci ne mai fizga, mai tsalle, da murfin kunne mai kaifi da ke yanke zare. Da zafi yakan matso gaɓa ƙwarai, yana bin ƙananan kifaye a ɗan kwarin da raƙuman ruwa ke haƙawa, har mutum yana tafe bisa rairayi yana hangensa. Shi ne mutanen can suke kamawa daga tudu da sanda, abin da ya gagare mu.

Sirrinsu ƙwarƙwaro ne, kamar na masaƙa, wanda ake ɗaurawa a gindin sanda. Yana ɗauke da zare mita ɗari ko fiye, zaren yana bi ta cikin zobba da aka jera a jikin sandar har kai. Da shi ake jifa nesa. Kuma yana da birki: in kifi ya ja da ƙarfin da zai tsinka zare, sai ƙwarƙwaron ya saki a hankali, kifi ya yi ta gudu yana jan nauyi har ya gaji, a naɗo shi. Watau aikin da gora ke yi wa mai mamari, shi birki ke yi musu. Sandar kanta ta sha sauyi. A ƙarni na 19 gora suke tsagawa tsinke shida, su fere, su manne, kuma daga baya gorar da suka fi so daga kudancin Sin ake kawo ta. A 1947 kamfanin Shakespeare ya fito da sandar zaren gilashi, a 1973 kuma kamfanin Fenwick ya fito da ta zaren kabon, mai sauƙi kamar kara.

Duk da kantuna sun cika da sanduna, har yau akwai masu sana'ar haɗa wa mutum tasa shi kaɗai, kuma masu neman sunuk suna cikin masu zuwa wurinsu. Mai haɗawa yakan sayi sandar tsirara, tsawon mita 2 zuwa 2 da rabi. Ya tambayi mai ita tsawon hannunsa, da nauyin abin da zai riƙa jefawa, da irin gaɓar da yake zuwa. Ya danna sandar a ƙasa yana juyawa har ya gane gefen da take son lanƙwasawa. Ya jera zobba, ya ɗaura nauyi ya ga yadda zare ke bi, ya gusa wannan, ya matso da wancan, sa'an nan ya naɗe ƙafafunsu da zare, ya shafe da danƙo mai hana gishirin teku ci. Mariƙin kuma ya yanka shi daidai da damtsen mai ita. Abin da yake nema? Kai mai laushi don jifa da jin motsin kifi, gindi mai ƙarfi don juyo shi. Dattawa, ashe ba maganar da kuka koya mana a bakin tafki ba ke nan? Bambancin kawai, shi Ba'amurke wasa yake yi, namu kuwa abinci yake nema. Kuma saboda wasa ne suka iya kafa doka mai tsanani. Tun 1957 Fulorida ta hana cinikin sunuk. Mutum ba ya tafiya gida sai da ɗaya a rana, kuma sai wanda tsawonsa ya faɗa tsakanin santimita 71 da 81 ko 84, gwargwadon yanki. Ƙarami a mai da shi ya girma, babba a mai da shi ya haihu, gama sunuk yakan fara rayuwa namiji, in ya girma ya juye mace. Da sanyin watan Janairu 2010 ya kashe musu kifi ba adadi, sai suka rufe kamunsa a gaɓar yamma har 2013. Ba mu ce a kwaso dokar mai ƙoshi a ɗora wa mai yunwa ba. Amma uwar kifi uwar kifi ce, a Fulorida ko a Gidimuni.

Mu koma Cadi. Abubuwa uku suka juya sana'ar su a can cikin shekaru kaɗan. Na farko ƙugiyar kanti. Kamfanin Mustad na ƙasar Norwe ya fara yin ƙugiya da inji a 1877, kuma kwalayensa masu hoton mabuɗi sun bazu kasuwannin Afirka. Wanda a da yake lallaɓa ƙugiya goma na maƙeri, yanzu yana iya ɗaura ɗaruruwa a mamari ɗaya. Na biyu nailan, wanda kamfanin DuPont ya bayyana a 1938, ya kuma iso hannun masuntan Cadi wajen ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960. Ba ya ruɓewa, ba ya son shanya, kifi ba ya ganinsa sosai. Na uku mota. Da hanya ta haɗa Baga da Maiduguri, banda ta fara isa Anaca, Inugu, Badun da Ikko. A wajenmu kuma hanyar kwalta da aka kai Ngigmi a shekarun 1970 da taimakon Kanada ta mai da tafiyar makonni ta zama ta kwana ɗaya ko biyu. Kada wani ya zagi waɗannan abubuwa a gaban wanda ya san wahalar murza rama. Su ne suka buɗe wa manomi ƙofar su. Mutumin da bai gaji ruwa ba, bai san maganin kada ba, ya gama girbi, ya karɓi kalli bashi wurin uban gida, ya shiga jirgi. Da kuɗin banda aka yi aure, aka sayi shanu, aka biya haraji.

A 1963 tafkin yana da faɗin wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma ɓangaren arewa, wanda ya taɓa ƙasarmu, shi ne mafi zurfi, shi ne gidan giwan ruwa. A 22 ga Mayu 1964 Diori Hamani da Tafawa Ɓalewa da Ahidjo da Tombalbaye suka kafa hukumar tafkin a Fort-Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu. A Malam Fatori kuwa har tashar bincike aka kafa, inda wani Bature, Hopson, ya yi shekaru yana nazarin giwan ruwa. Amma tun ruwa yana cike, manyan kifaye sun fara ƙaranci a kalli, masunta kuma suka shiga rage idon raga, daga mai shigar hannu zuwa mai shigar yatsu. Sa'an nan fari ya zo. Mafi yawan ruwan Cadi daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari da Logon. Da suka rage, a 1973 wani tudu da ke tsakiyar tafkin ya fito, ciyawa ta rufe shi, ya raba ruwan biyu, ya bar na arewa ba mai ciyar da shi sai ɗan abin da Komadugu ke kawowa. Ita ma Komadugu an tare ruwanta a sama, da madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. Kifi ya taru a ɗan ruwan da ya saura, aka yi kamun da ba a taɓa yi ba, har masu bincike na Faransa suka ƙiyasta ya haura tan 200,000 a 1974. Masu zuwa a lokacin sun ɗauka arziki ne ya sauka, alhali rumbu ne ake kwashewa har ƙasa. Ruwa ya yi zafi, ya yi laka, giwan ruwa ya riƙa mutuwa yana tasowa ciki sama. A 1975 ɓangaren arewa ya bushe. Farin 1984 ya ƙara, Ngigmi da ke bakin ruwa ta wayi gari ruwa ya yi mata nisan tafiya.

Ba wannan ne karo na farko ba. Ayarin Tilho, wanda ya shata iyakar Faransa da Ingila tsakanin 1906 da 1909, ya tarar da arewacin tafkin a ƙafe, kuma ruwa ya dawo bayansa. Haka ma wannan karo, daga ƙarshen shekarun 1990 ruwa ya riƙa komowa ɓangaren Nijar, kuma manyan damunan 2022 da 2024 sun cika wurare da yawa. Saboda haka masu cewa Cadi ya mutu sun yi gaggawa. Sai dai abin da ya dawo fadama ce mai ciyawa, ba tekun da ba, kuma kifin fadama shi ne irin namu na gida: tarwaɗa, karfasa, bargi. Kayan aiki ma suka bi ruwa. Gurar Mali, wadda masuntan yamma suka kawo a shekarun 1980, ta zama sarauniya, ana jera ta ɗaruruwa a tare mashigar ruwa, abin da ake kira dumba, babba da ƙarami ba mai wucewa. Abin dariya, abin kuka, giwan ruwan da ya ɓace mana, shi ne aka zuba a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, ya yi yawa a shekarun 1980 har ya cinye ire-iren ƙananan kifayen wurin, ana ɗaukar namansa a jirgin sama zuwa Turai.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ba sai an tsawaita ba. An auka wa Baga a Janairu 2015, an kai hari Boso da Difa a 6 ga Fabrairu, bayan harin tsibirin Karamga a Afrilu kuma hukuma ta umarci mutane su fice daga tsibirai. Aka hana su da cinikin kifi a jihar Difa, ba a ɗage ba sai 2019. Mutane sun baro jirage da raga da bashin uban gida, sun taho da ƙafa. Waɗansu gidaje har yau ba su san inda nasu yake ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya bayyana waɗanda suka ɓata.

Dalilin kawo wannan tarihi a takardar ƙungiya shi ne, masu dawowa daga gabas sun dawo da hannun Cadi, tafkunanmu kuwa ba Cadi ba ne. Ragar da aka saƙa don ruwan da ba a ganin ƙarshensa, in aka ja ta a tafkin da yaro ke zagayawa kafin hantsi, kwana nawa zai yi? Ga kuma sange, watau gidan sauro. Tun rabon da aka yi a faɗin ƙasa a 2005 da 2006, na sama da miliyan 2, ya shiga kowane gida, kuma duk inda aka mai da shi raga ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai farce ba, ga yaron da aka ba don shi yana kwana a fili. Magimfa da sauran guba, dokar su ta 1998 ta hana, amma ma'aikacin gandun daji ɗaya ba ya tsare tafki goma. Rairayi yana cike bakin ruwa daga arewa, kacalla tana ci daga ciki. Fatsa kuwa, duk da raini da ake yi mata, tana da hali ɗaya da raga ba ta da shi: girman ƙugiya shi ke zaɓen girman kifi, kuma wanda aka kama ƙarami ana iya zare shi a mai da shi da ransa.

A da sarkin ruwa ke faɗin ranar buɗe tafki da ranar rufe shi, ba a kuwa tsallake maganarsa. Inda wannan sarauta ta yi sanyi, ya kamata dattawa da masu gari su zauna da masunta da masu lambu da makiyaya tun kafin ruwa ya sauka, a yanka watannin da kifi ke ƙwai, a yanka idon ragar da ba za a sauka ƙasa da shi ba, a auna shi da yatsu yadda kowa zai gane. 'Yan'uwa na birni masu aiko da gudummawa, in za a sayi kayan su a raba, a tambayi idon ragar tukuna. Kuma maƙeran da suka taɓa buga ƙugiya da hannu sun yi ƙaranci ƙwarai. Duk wanda ya san ɗaya a garinsu, ko yake da tsohuwar ƙugiya ko zago a rataye a ɗaki, ya sanar da magatakardan ƙungiya kafin taron bayan girbi, don a je a zauna da shi a rubuta yadda ake yi.